Gargaɗi kan masu tallar kujerar bizines da falon manya a WhatsApp

Assalamu alaikum. Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta, domin ta shafi mahaifiyata, kuma ba kowane zancen gida ake fitarwa waje ba. Amma shekaranjiya na ga mutumin da ya cuce mu ya sake buɗe shafi da sabon suna, ga masu niyyar Umara sun fara neman tikiti. Idan na yi shiru ya cuci wani, ina ganin da hannuna a ciki.

Hajiyarmu ta haura shekara 70, gwiwoyinta sun daɗe suna damunta. Da za ta tafi Umara tare da ƙanwata, mun sayi tikiti na halal a wurin ejan ɗin da muka saba da shi, kujerar ikonomi, daga Kano zuwa Jidda, da yada zango na sa'o'i masu yawa a hanya. Zaman nan shi ya tsaya mini a rai. Na san yadda take tashi da kyar ko daga kujerar falo ne, balle a ce ta naɗe ƙafa a jirgi, ta sauka kuma ta kwana kan benci a filin jirgin wata ƙasa.

Ana cikin haka na ga tallar a sitatus ɗin wani abokin kasuwanci. Hotunan kujeru masu kwanciya kamar gado, faranti da cokulan ƙarfe, wani falo mai ruwa yana gangarowa a bango. An rubuta cewa ana mayar da tikitin ikonomi zuwa bizines ko fes kilas da kuɗi kaɗan, har da katin shiga falon manya a inda za a yada zango. Na yi masa magana. Bakinsa da zaƙi, ba ya jumla biyu bai ce "ranka ya daɗe" ba. Da na ambaci ciwon ƙafar Hajiya sai ya ce, "Alhaji, ai uwa ta wuce haka. Ni ma tawa ta rasu ban samu na yi mata ba, kai ka yi wa taka." Ya ce yayansa babban ma'aikaci ne a kamfanin jirgin, yana da makin tafiya da ya tara, irin wanda kamfani ke ba mai yawan hawa jirginsa, ba ya amfani da shi. Abin da yake buƙata kawai lambar bukin, wato lambar gurbin da aka kama mata a jirgi, da sunan da ke kan fasfo, sai rabin kuɗi.

Na tura. Bayan sa'a uku ya ce in duba da kaina. Na shiga manhajar kamfanin jirgin ta gaskiya, na sa lambar da sunan, wallahi ga shi an rubuta bizines, har da lambar kujera a layin gaba. A nan duk wani shakku ya fita daga raina. Na cika masa kuɗinsa, na ƙara na falo na mutum biyu, na kuma yi masa saƙon murya ina godiya ina sa masa albarka.

Ranar tafiya a filin jirgin Malam Aminu Kano, ma'aikaciyar da ke kantar duba tikiti ta daɗe tana kallon kwamfuta, sai ta kira na gaba da ita. Ya tambayi Hajiya cikin ladabi, "Mama, wa ya yi miki canjin kujerar nan?" Ta juyo ta kalle ni. Ashe makin da aka yi amfani da shi na wani bawan Allah ne a wata ƙasa da aka yi wa kutse a asusunsa. Ya farga, ya kai ƙara, kamfani ya soke canjin ya kuma sa alama a kan bukin ɗin. Sai da na nuna rasidin asalin tikitin da duk hirarmu da mutumin kafin a yarda ta hau. Kujerar bakin hanya da muka zaɓar mata tun farko, don ta riƙa miƙe ƙafa, ta riga ta tafi. Ta tsakiya aka samar mata a can baya. A inda suka yada zango kuma ƙanwata ta kai ta ƙofar falon da katin da ya turo, na'ura ta ƙi karɓa, aka ba su haƙuri a gaban jama'a. Ban ga laifin kamfanin ba ko kaɗan. Kayan sata aka kawo musu da sunan mahaifiyata.

Bayan abin ya faru na zauna da ejan ɗinmu, wanda da shi ya kamata in fara shawara, ya warware mini yadda sana'ar take. Ina so a fahimci wannan sosai, domin yawancinmu muna ɗauka cewa idan abu ya fito a shafin kamfani to magana ta ƙare.

Manyan kamfanonin jiragen sama suna da tsarin tara maki: Emirates na da Skywards, Qatar Airways na da Privilege Club, Ethiopian na da ShebaMiles, Turkish na da Miles&Smiles. Da makin ana iya sayen tikiti ko ɗaga kujera, kuma tsare-tsare da dama sun yarda mai maki ya kashe wa wani. Ta wannan ƙofar ɓarayi ke shiga. Su sace kalmar sirrin wani, su kashe makinsa a kan tikitinka, su karɓi naira a hannunka. Canjin yakan bayyana da gaske, ya zauna kwana ɗaya ko mako, har mai asusu ya lura. Wasu kuma da katin bankin sata suke biya, idan mai katin ya kai kuka banki ya janye kuɗin, a soke. Ko da ma makin na mutumin ne da gaske, ƙa'idojin kamfanonin nan sun hana sayar da shi ga wani a bayan fage, kuma suna da ikon soke tikitin da aka samu ta haka. Wanda ke tsaye a kanta da fasfo a hannu shi ake tuhuma, ba wanda ke kwance a ɗakinsa da waya ba. A Turai har samame Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, ta sha shiryawa tare da kamfanonin jirage a filayen jirgi, ana tsare masu tafiya da tikitin da aka saya da katin sata.

Akwai kuma wanda ko wahalar sata ba ya yi. Zai kama maka gurbi a bizines ba tare da ya biya ba. Gurbin yakan fito da lambar bukin mai haruffa da lambobi 6, ka duba ka gan shi, amma in wa'adin biya ya wuce sai ya goge da kansa. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma 3 na farko na kamfanin ne: 176 Emirates, 157 Qatar, 071 Ethiopian, 235 Turkish, 077 EgyptAir, 065 Saudia. In babu wannan lambar, ba ka da tikiti, alkawari kawai kake riƙe da shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali daga baya shi ne lambar bukin da na miƙa masa da hannuna. Lambar nan da sunan mahaifi ko na dangi su ne makullin tikiti a shafin yawancin kamfanoni. Wanda ya riƙe su yana iya ganin ranar tafiyarka da bayananka, ya canja kujera, wani lokaci ya ɗaga tafiyar ko ya soke ta gaba ɗaya. Allah ne ya taƙaita mana. Masu ɗora hoton katin shiga jirgi a Facebook da Instagram don a yi musu fatan sauka lafiya, su ma makullin suke rabawa, domin bayanan na cikin zanen da ake haskawa da na'ura.

Da na nutsu tun farko, tallar da kanta ta tona shi. Ya jera Ethiopian da Turkish cikin waɗanda yake sayar da fes kilas ɗinsu, alhali duka biyun ba su da fes kilas. Bizines ne ƙarshensu, na Ethiopian ma Cloud Nine ake ce masa. Zancen yayansa ma'aikaci kuwa, tikitin ma'aikata alfarma ce ta ma'aikaci da iyalansa da aka yi wa rajista, galibi sai in an samu gurbi ake hawa, kuma sayar da ita na iya raba mutum da aikinsa.

Falon manya ma haka. A filin jirgin Hamad da ke Doha, Al Mourjan na 'yan bizines ne, Al Safwa na fes kilas. A Dubai falukan Emirates suna Taminal 3. Abin da ke buɗe ƙofarsu katin shiga jirginka ne mai sunanka, ko matsayinka a tsarin maki, ko kuɗin da ka biya kamfanin da kansa inda ya yarda a saya. Katin Priority Pass, wanda wasu bankuna ke haɗa wa manyan kwastomominsu, yana da nasa falukan daban, ba ya shigar da kai waɗannan, kuma ana gwada sunan da ke kansa da na katin jirgi. Hoton da wani ya turo maka ta WhatsApp ba ya cikin lissafi.

Na san dalilin da ya sa kasuwarsu ke ci. Tun 2022 da kuɗaɗen kamfanonin jiragen waje suka maƙale a Najeriya, har IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta ce sun haura dala miliyan 800 a 2023, tikiti ya yi tsadar da ba mu saba gani ba. Emirates ma ta dakatar da zuwa, sai 1 ga Oktoba 2024 ta dawo Legas. Ga faɗuwar naira a kai. Kowa na neman sauƙi, ba ni zargin kowa. Amma ruwa ba ya tsami banza: kujerar da ake sayarwa ninkin ba ninkin ba za ta faɗo a farashin buhunan shinkafa kaɗan ba.

Mai son ɗaga kujera ya nema daga kamfanin: a manhajarsa, ko ta tayin da yakan turo a imel kafin tafiya, ko a kanta ranar tashi in akwai gurbi, a ba shi rasidi. In ta hannun ejan ne, a je ofishinsa, a tabbatar yana da rajistar IATA ko yana cikin NANTA, ƙungiyar ejan-ejan tafiye-tafiye ta Najeriya, na Hajji da Umara kuma a tambayi lasisin hukumar alhazai, NAHCON. Kada a tura kuɗi asusun da sunansa ya bambanta da na kamfanin. Ni asusun wata mace ya ba ni ya ce matarsa ce. Mai tsoho ko maras lafiya kuma ya nemi a rubuta masa keken turawa tun kwana 2 kafin tafiya. Kyauta ne, za a kai shi har bakin jirgi a kuma tarbe shi in ya sauka. Abin da Hajiya ta fi buƙata ke nan, ban nema mata ba sai a dawowa.

Wanda ya riga ya faɗa, ya garzaya bankinsa a ranar, kada ya kwana, ya ajiye duk hira da rasidi, ya kai wa EFCC ko 'yan sanda, ya kuma kira kamfanin jirgin ya faɗi gaskiya kafin ranar tafiya. Ni bayan na yi ƙorafi a fili wani ya biyo ni ta akwatin saƙo wai zai ƙwato mini kuɗin in na ba shi na aiki. Na tabbata tafiyarsu ɗaya.

Sabon shafin nasa hotunan nan ne dai, falon nan mai ruwa a bango. A cikin shaidun da yake nuna wa mutane akwai hoton kujerar Hajiya an goge sunan, da saƙon muryar wani mutum yana cewa Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan mahaifiyarka. Muryata ce. Duk wanda aka tura wa ita, don Allah kada ya biya ko kwabo a kanta, na yi ta ne kwana 2 kafin mu isa kantar filin jirgi.