Na'urar auna oksijin ta jarirai: wata biyar ina amfani da ita

Kwana uku da haihuwar ɗana ya daina kama nono, numfashinsa ya yi sauri, ƙafafunsa suka yi sanyi ƙalau. Hoton zuciya ya nuna babbar jijiyar da ke ɗauko jini daga zuciya ta yanke a wajen lanƙwasarta, sama da ƙasa ba su haɗu ba. Ashe wata 'yar jijiya da kowane jariri ke zuwa da ita ce take kai wa ƙasan jikinsa jini, ita kuma cikin kwanakin farko take rufewa. Da ƙarin ruwa mai maganin furostagilandin aka riƙe ta a buɗe har aka yi masa aikin haɗa babbar jijiyar, aka kuma ɗinke wani rami da ke tsakanin ɗakunan zuciyarsa na ƙasa.

Da aka sallamo mu, Abbansa ya sayo na'urar nan mai ɗan maɗauri da ake naɗawa a tafin ƙafa. Irin ta manya mai maƙale yatsa ba ta zama a jikin jariri, kada a ɓata kuɗi a kanta.

In yana barci, lambar takan tsaya daga 95 zuwa sama, sai hankalina ya kwanta. Amma da zarar ya fara wutsil-wutsil, ko sanyin hunturu ya kama ƙafar, sai ta faɗi ta hau ƙara. Daren farko na yi kuka sosai kafin na gane sai na ɗumama ƙafar a tafin hannuna, na jira ya natsu, sannan na sake aunawa. Maɗaurin ma bai da ƙarko, na uku muke kai yanzu.

Likitarsa ta ja min kunne: wurin da aka haɗa jijiyar yana iya sake tsukewa alhali lambar tana nuna lafiya lau. Awon hawan jini a hannu da ƙafa da hoton zuciya ne ke gano wannan, don haka ba ma fashin asibiti.

Abin da ke cina a rai shi ne, da an auna oksijin a hannunsa na dama da ƙafarsa kafin mu baro ɗakin haihuwa, mai yiwuwa bambancin ya fito tun bai galabaita ba. Ƙanwata ta haihu watan jiya, na tafi da na'urar a jaka, na roƙi nas ta auna wa jaririyar wuraren biyu a gabana.