Tsohuwar falwaya ko azara? Ni dai azara zan ce maka

Assalamu alaikum. Malam, ka tambayi itacen da za ka ɗora wa rumfarka. Tunda rumfar ta zaman mutane ce da karatun yara, tsakanin tsofaffin falwayoyin katako da aka yi maka tayi da azara, ɗauki azara. Duka biyun na taɓa amfani da su. Ɗaya har gobe ina yi wa wanda ya ɗora ta addu'a, ɗaya kuwa kuɗina ne suka tafi.

Rumfar ƙofar gidanmu mahaifinmu ne ya kafa ta, Allah ya jiƙansa, ina ɗan firamare. Da kansa ya je ya zaɓo azarar namijin giginya, yana ɗaga kowace yana jin nauyinta kafin a ɗora a amalanke. Daga lokacin zuwa yau sau biyu muka sauya kwano. Akwai shekarar da iskar farkon damina ta yaye rufin gaba ɗaya ta jefa shi gidan maƙwabta, azarar ko gezau. Gara ta cinye mana ƙyauren zaure, ta hau rumfar ta yi gininta a jikin azara, ta gaji ta bari. Bara na taka tsani zan ɗaure wayar fitila, na kankare ƙasar garar da farce, sai ga baƙin zaren nan na giginya yana sheƙi kamar jiya aka tsaga ta. Na kafa ƙusa na buga, ƙusar ce ta lanƙwashe. Sai da na ɗan tsaya a kan tsanin ina tuna Baba.

Kuma ba abin mamaki ba ne. Da ita magabata suka rufe sorayen Kano da Katsina, ita ce ƙashin bakunan masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina tun ƙarni na 19. Aibinta biyu ne, ba zan ɓoye maka ba. Ba ta son tazara mai faɗi: magina na gargajiya ba su cika wuce wajen ƙafa 6 ba idan ƙasa za a ɗora. Kwano ba shi da wannan nauyin, za ka iya ƙarawa kaɗan, amma dole ka haƙura da dirka a tsakiya. Sannan ba ta karɓar ƙusa, sai a huda ta ko a ɗaure da waya.

Tsayi ne ya ruɗe ni a kan falwaya. Ta ƙaramin layin wutar lantarki kan kai wajen ƙafa 28, sai na ce ai guda ɗaya ta ratsa rumfar gona daga wannan gefe zuwa wancan, babu dirkar da za ta tare hanya. Na sayi uku. Ranar ɗorawa ƙarti shida da igiya suka sha fama. Gindi kauri, kai siriri, rufi ya ƙi daidaita sai da kafinta ya yi ta cusa guntayen katako. Abin da ban yi tunani ba shi ne, an yi ta ne don ta tsaya, ba don ta kwanta ba. Tsagar da ke jikinta da ramukan noti, idan tana tsaye ruwa gangarewa yake yi, da ta kwanta sai suka zama kwatami. Damina ta biyu ta tsakiyar ta yi ciki, na koma na kafa dirkar da na guda tun farko.

Wannan ma da sauƙi. Da bazara ta kama, sai baƙin mai ya fara tsattsafowa yana ɗiga, da warin kwalta mai hawa kai. Ya ɓata mini buhunan masara, ya taɓa wuyan yaron da ke min aiki wurin ya yi ja yana zafi. Maganin da ake dafa itacen da shi ne don kada ya ruɓe, daga kwaltar kwal ake samo shi. Masu launin kore-kore kuwa ba sa ɗiga, amma sinadarin da ke cikinsu akwai gubar asenik. Tun ƙarshen 2003 Amurka ta daina sa irin wannan katako a gidaje da wuraren wasan yara. Kai kuma yara ne za su jingina, su shafa, su sa hannu a kwanon tuwo. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne guntayen da za a yanke. Almajiri ba zai ga itace a yashe ya ƙyale shi ba, wutar karatun dare zai kai shi, hayaƙin guba ne, tokar ta fi. Dabba ma idan ta lashi tokar tana iya mutuwa.

In don adalci ne, a tsaye, a rumfar ajiye tarakta can nesa da mutane da abinci, falwaya mai lafiya tana aiki. Iyakar abin da zan ce mata ke nan.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da 'yan kasuwar. Falwaya ba ta cika barin layi tana lafiya ba, yawanci ruɓewa take yi daidai inda ta haɗu da ƙasa. Wasu sai su datse wurin, su shafe sauran da baƙin man inji ta yi kyau. Buga mata guduma daga gindi zuwa kai, idan ka ji tana amsawa kamar ganga to cikinta rami ne. Soka sukundireba kusa da gindi, in ta shige ka juya ka tafi. Wanda kuma bai nuna maka takardar gwanjo ba, kada ka ko taya, don wata da dare aka tuge ta daga layin wani ƙauye, kuma a ƙofar gidanka za a gan ta.

Masu azara ma ba duka ne na Allah ba. Sukan cakuɗa ta mace ko ta ƙaramar giginya, su bar farin ɓangaren cikinta da kauri, su shafa laka. Farin nan shi ne abincin gara. Ka kankare da wuƙa ka ga baƙi, ka ɗaga ka ji nauyi, kuma ka tafi da tsohon magini ranar saye. Gindin dirkokin a ɗora su kan dutse ko siminti, kada su taɓa ƙasa.