PSA, ma'aunin beli a gundumomin Amurka: lissafin ba wuya, tattara bayanan ne aiki

A yawancin gundumomin Amurka, gidan yarin da ake ajiye wanda aka kama kafin shari'a yana hannun sharif ne, wato babban jami'in tsaro na gunduma, kotu tana da rijistarta daban, ofishin mai gabatar da ƙara ma da tasa. Alƙalin da zai yanke ko a saki mutum ko a ci gaba da tsare shi yana da mintuna kaɗan a zaman farko. Don cike wannan gibin ne gidauniyar Laura da John Arnold ta fito da Public Safety Assessment, wato PSA, ma'aunin da ke ba wanda aka kama maki don taimaka wa alƙali, a 2013, bayan nazarin shari'o'i kusan 750,000 daga yankunan shari'a kimanin 300. Kyauta ake ba da shi. Jihar Kentucky ta fara amfani da shi a 2013, New Jersey ta biyo a watan Janairun 2017, Arizona da gundumomi da dama su ma suka ɗauka.

Abubuwa tara kacal yake dubawa, kuma duk daga takardu: shekarun mutum lokacin kamun, ko tuhumar yanzu ta tashin hankali ce, ko yana da wata ƙara a kotu da ba a gama ba, hukuncin ƙaramin laifi a baya, na babban laifi, na laifin tashin hankali, tsallake zaman kotu cikin shekara 2 da suka wuce, tsallakewar da ta girmi shekara 2, da ɗaurin da aka taɓa yanke masa na kwana 14 ko fiye. Ba a yi wa wanda aka kama tambayoyi, ba a duba launin fata, jinsi, unguwa, aiki ko karatu. Wannan babban abin yabo ne, domin ma'aikaci ba sai ya shiga ɗakin tsarewa da takardar tambayoyi ba, kuma ma'aunin a fili yake, kowa na iya lissafa shi da biro.

Sakamako uku yake fitarwa. Na farko, yiwuwar tsallake kotu: ƙarar da ke gaban kotu maki 1, hukuncin baya maki 1, tsallakewa sau ɗaya cikin shekara 2 maki 2, sau biyu ko fiye maki 4, tsohuwar tsallakewa maki 1. Jimillar ba ta wuce 7, sai a mayar da ita kan mizani daga 1 zuwa 6. Na biyu, yiwuwar sake kamu: ɗan shekara 22 ko ƙasa da haka yana samun maki 2 tun daga farko, ƙarar da ba a gama ba maki 3, ɗaurin baya maki 2, sauran ɗaya-ɗaya ko bibbiyu, har 13, shi ma a mayar da shi kan mizanin 1 zuwa 6. Na uku alama ce ta tashin hankali, wadda ke fitowa idan makin ya kai 4 cikin 7.

A ɗauki saurayi ɗan shekara 21, da hukuncin ƙaramin laifi guda, ya tsallake kotu sau ɗaya bara, rijista kuma ta nuna yana da ƙarar da ba a gama ba. A ɓangaren sake kamu makinsa 7 ne, wanda ke ba shi 5 cikin 6. To a ce waccan ƙarar an kore ta wata biyu da suka wuce, magatakardan kotu bai shigar da hukuncin ba. Makinsa na gaskiya 4 ne, wato mataki na 3. Kuskuren shigar da layi ɗaya ya ɗaga shi hawa biyu, kuma a gundumomi da yawa hawa biyun nan su ne tazarar da ke tsakanin sakinsa da sharaɗin zuwa kotu kawai da sanya shi ƙarƙashin sa ido.

Nan ne PSA ke nuna raunin gundumar da ta ɗauke shi. Kafin a fara, sai an zauna tsakanin alƙalai, sharif, masu gabatar da ƙara da lauyoyin da gwamnati ke ba marasa hali, a tsara jerin laifuffukan da dokar jihar za ta ɗauka a matsayin tashin hankali, sashe bayan sashe, domin ma'aunin bai zo da jerin da ya dace da kowace jiha ba. Sai kuma a yarda da hanya ɗaya ta gane mutum. Suna da ranar haihuwa ba su isa ba. Zanen yatsa ne ke haɗa rijistar gidan yari da ta kotu da ta tarihin laifuka na jiha. Wanda ya taɓa zama a wata jiha sai an nemo shi a rumbun bayanan laifuka na ƙasa, wato NCIC, na hukumar bincike ta FBI, inda kamun mutane da yawa ke rubuce ba tare da yadda shari'ar ta ƙare ba, ma'aikaci kuma sai ya buga waya kotun can ya tambaya. Akwai wata ƙa'ida da ake yawan kuskurewa: idan mutum yana tsare a ranar da ya kamata ya bayyana, ba a lissafa masa tsallakewa. Kotu ba za ta san haka ba sai gidan yari ya ba ta ranakun shiga da fita. A San Francisco a 2017, kuskuren ƙirga kwanakin ɗaurin baya ya rage makin wani da aka saki, daga baya aka tuhume shi da kisa. Kuskuren yana cutarwa ta ɓangarorin biyu.

New Jersey ta fi kowa cin moriyarsa saboda kotunanta na ƙarƙashin tsari ɗaya. Da an ɗauki zanen yatsa a ofishin 'yan sanda, kwamfuta ke zaƙulo tarihin ta lissafa makin, ma'aikaci ya duba, alƙali kuma ya yanke cikin sa'a 48. Belin kuɗi ya kusa ɓacewa a jihar, yawan masu jiran shari'a a tsare ya ragu da fiye da kashi 40 cikin 100 tsakanin 2012 da 2018. Sai dai doka da tsarin mulkin jihar ma an gyara su a lokacin, don haka ba daidai ba ne a jingina nasarar ga ma'aunin shi kaɗai. A gundumar Dane ta Wisconsin, inda aka gwada shi ta hanyar nuna wa alƙali makin a wasu shari'o'i, a kuma ɓoye masa shi a wasu, tasirinsa kan hukunci bai taka kara ya karya ba. Binciken masaniya Megan Stevenson a Kentucky ma ya nuna cewa bayan ɗan canji, alƙalai sun riƙa komawa tsohuwar al'adarsu.

Makin kansa ba ya cewa a saki ko a tsare. Gunduma ce ke zana jadawalin da ke cewa mataki kaza ya dace da sharaɗi kaza, kuma wasu kan cika shi da tsauri. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne tarihin hukunci yana ɗauke da son zuciyar da aka yi wajen kame, musamman a unguwannin baƙaƙen fata. A 2018 ƙungiyoyin kare haƙƙi fiye da 100 sun yi watsi da irin waɗannan ma'aunai, a 2020 kuma Pretrial Justice Institute, wata ƙungiya mai fafutukar gyara tsarin beli, ta janye goyon bayanta.

Gundumar da kotunta ke shigar da hukunci a ranar da aka yanke, tana da ma'aikacin da zai sake lissafa wasu fayiloli kowane wata don kama kuskure, kuma tana ba lauyan wanda ake tuhuma kwafin makin kafin zama, za ta amfana da PSA. Wadda rijistarta ke makara da makonni gara ta fara kashe kuɗinta kan haɗa rumbunan bayananta da tura saƙon tes na tuna wa mutane ranar kotu.