Shagon tsofaffin jesin Arsenal a Zoo Road: abinda ya burge ni da abinda bai min ba

Idan kai dan Arsenal ne na tun zamanin Highbury, tsohon filin wasan kungiyar, cikin wadanda suka fara son kungiyar saboda Kanu yana ciki, akwai wani dan shago a Zoo Road nan Kano da ya kamata ka leka ko da ba ka yi niyyar sayen komai ba. Jesi kawai suke sayarwa, amma ba irin na kakar bana da suka cika kasuwa ba, na da ne zalla, kuma duk da akwai na Man U da Barca da Milan kadan a gefe, kana shiga zaka gane mai shagon dan Gunners ne na gidi don bango guda ya ware wa Arsenal tun daga sama har kasa.

Bari na fara da maganar da kowa zai tambaya, a'a ba orijinal bane. Kwafi ne da ake dinkowa daga waje, kuma Alhajin mai shagon da kansa yake fada maka tun kafin ka tambaya, wanda wannan kadai ya sa na ji na yarda da shi, don mun saba da masu rantse maka da Allah cewa riga daga Landan ta zo alhali zaren tambarin ma a karkace yake. Abinda ya raba shagon nan da sauran shine mutumin ya san tarihin kungiyar sosai kuma baya yarda a hada dan wasa da rigar da bai taba sakawa ba.

A gabana wani matashi ya dauko ja mai rubutun Fly Emirates yace a buga masa Vieira lamba 4. Alhajin ya karbi rigar ya juya ta yace, kanina Vieira bai taba saka wannan ba, ya tafi Juventus a 2005, Emirates kuma sai 2006 ta hau kirjin riga, in lamba 4 kake so a kan wannan to Fabregas ne, in kuma Vieira kake so bari na dauko maka mai O2 ko Dreamcast. Yaron yace Alhaji ai ba wanda zai lura, yace masa ni zan lura, kuma duk dan Arsenal na gaske da ya ganka a gidan kallo zai lura. Karshe mai O2 din ya dauka, kuma Alhajin bai bar shi ya tafi ba sai da ya ba shi labarin cewa kwallon karshe da Vieira ya taba wa Arsenal itace fenaritin da ta ba su kofin FA a kan Man U a 2005. Wallahi naji dadin wannan abu, don ciniki zai iya rasawa amma ya tsaya a kan gaskiyar tarihi.

Ni abinda ya kai ni tun farko rigar Kanu ce, ruwan dorawa mai SEGA a kirji ta kakar 1999/2000. Duk wanda ya kalli wasan Stamford Bridge na Oktoban 1999 ya san dalili. Chelsea na cin mu 2 da nema ana ruwan sama, saura kamar minti 15 a tashi Papilo, wato Kanu, ya zura uku shi kadai, ta ukun nan kuwa har yau in na ganta sai tsigar jikina ta tashi, ya yanke gola De Goey a can bakin layi inda kowa ya dauka kurosin zai yi, sai kawai ya dirka ta sama ta wuce kan su Desailly da Leboeuf ta fada raga. Mutumin da aka yi wa aikin zuciya lokacin yana Inter, mutane da yawa suka ce kwallonsa ta kare, sai gashi a shekarar da ya zo Arsenal ya sake cin gwarzon dan kwallon Afirka karo na biyu bayan na 1996. Mu da yawa a nan arewa ta dalilinsa muka shiga Arsenal kuma muka zauna har yau. Rigar da na samu ta yi kyau, launin bai yi hasken da wasu kwafin suke yi ba, lamba 25 da sunan an buga su da irin rubutun Firimiya na wancan lokacin mai dan zaki a gindin lamba, tambarin ma tsohon ne mai bindiga tana kallon hagu, ba sabon da aka kawo a 2002 ba wanda ta juya dama. Irin wadannan kananan abubuwan ne masu buga jabu basa damuwa da su.

Henry kuwa shine ya cinye rabin bangon, kuma ba laifi bane, mutum mai kwallo 228 wanda ba wanda ya kai shi a tarihin kungiyar. Akwai ta 2003/04 mai O2, kakar da aka buga wasa 38 na lig ba a ci mu ko daya ba, nasara 26 canjaras 12, akwai kuma wadda tafi kowacce fita a shagon, wato mai launin zobo da rubutun zinare ta 2005/06, shekarar bankwana da Highbury. Da ita ya ci Wigan uku ranar karshe a filin ya durkusa ya sumbaci ciyawa. Wannan rigar ko da ba ka kallon kwallo zaka so ta, tana tafiya da wandon jins ko ma na yadi. Har Henry lamba 12 na gani a rataye, na dawowar da yayi aro a farkon 2012 ya ci Leeds a kofin FA, yaron shagon yace ba kowa ke daukarta ba don mutane da lamba 14 suka san shi.

Na dade a tsaye gaban ta Bergkamp, ja mai Dreamcast lamba 10. A ganina a duk wadanda suka taba saka rigar Arsenal ba wanda ya kai shi iya tarbar kwallo, Henry ya fi shi ci, Vieira ya fi shi karfi, amma abinda yayi wa Dabizas a gidan Newcastle a 2002, kwallo ta bi ta gefe daya shi ya bi ta daya suka hadu a gaba, har yanzu ana musu a majalisa ko da gangan yayi. Da gangan yayi mana. Kusa da ita akwai ruwan gwal mai SEGA da aka je Old Trafford gidan Man U da ita aka dauki kofi a Mayun 2002, Wiltord ya ci, Kanu ya tsallake ta kansa wajen murna.

Na tsofaffi sosai basu da yawa amma akwai. Tony Adams lamba 6 mai JVC ta 1998, kyaftin tun yana dan shekara 21, ya daga kofin lig a 1989 da 1991 da 1998 da 2002 kuma bai taba bugawa wata kungiya ba sai Arsenal. Akwai Ian Wright lamba 8, wanda ya karya tarihin Cliff Bastin na kwallo 178 a 1997 ya tsaya a 185 kafin Henry yazo ya wuce shi. Sannan akwai mai zanen dorawa da baki ta adidas ta 1991 zuwa 1993, ita Alhajin baya buga mata suna sai lamba kawai, yace lokacin ba a fara saka suna a bayan riga a lig ba sai kakar 1993/94, kuma haka ne.

To yanzu ga inda suka gaza. Na farko yadin, wasu rigunan musamman na JVC suna da kauri sosai kuma basa shan iska, a zafin Kano na watan Afrilu bazaka iya yini da su ba, na sanyi ne ko na yamma. Na biyu girman, a matse suke zuwa, in kana saka L to XL zaka nema, kuma wajen gwaji labule ne kawai a lungu ba madubi, gashi da zarar an buga suna ba a karbar riga, don haka ka gwada da kyau kafin ka ce a buga. Na uku shine wanda ya fi bata min rai, na sai wa kanina Pires lamba 7, bayan wanki kadan harafin S ya fara dagowa daga gefe. Na mayar, sun sake danna ta a injin zafi ba su karbi ko sisi ba, yaron yace yallabai a rika juya ta ciki waje wajen wanki kuma kar a kai wa mai guga, to amma wannan bayanin tun ranar saye ya kamata a yi shi, ba sai abu ya lalace ba. Tawa ta Kanu dai har yanzu lafiyarta kalau.

Kudin ma ba sauki, riga daya ta kusa ninka abinda zaka biya na jesin bana a kasuwa, kuma buga suna daban ake biya. Ana dan ragi in ka dauki biyu ko uku amma ba irin ragin da kake tsammani ba. Suna karbar tiransifa da POS. Wajen ajiye mota kuwa sai dai ka yi hakuri, in da hali ka je a adaidaita.

Wani abu da na yi masa korafi a kai shine an manta da 'yan baya. Tawagar 2004 ba Henry da Pires da Ljungberg kadai bane, akwai Sol Campbell da ya baro Tottenham kyauta a 2001 kuma shi ya ci mana kwallo daya tilo a wasan karshe na Zakarun Turai da Barca a Paris a 2006, akwai Kolo Toure na Kwaddibuwa, akwai Lauren dan Kamaru, akwai Gilberto da yake share duk dattin tsakiya ba a ganinsa. Ba ko daya a rataye, sai dai ka zabi riga ka ce a buga maka. Rigar gola kuwa babu sam, ba Seaman ba Lehmann. David O'Leary da ya fi kowa bugawa kungiyar wasa, 722, yaran shagon ma basu san sunan ba sai Alhajin. Yace abinda ake tambaya shi yake kawowa, na gane kasuwa ce, amma shagon da yake alfahari da tarihi ya kamata a ga ko guda daya ta wadannan mutanen a bango, ko don yara masu tasowa su tambaya waye wannan.

Sai kuma maganar Pillars. Shago a tsakiyar Kano, an jera tarihin wata kungiya ta arewacin Landan tsaf, amma babu ko riga daya ta Sai Masu Gida, kungiyar da ta dauki lig a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly a gasar Zakarun Afirka a 2009 har ta kai wasan kusa da na karshe. Da akwai ta Rabiu Ali Pele ko Gambo Mohammed ko ta Ahmed Musa ta kakar da ya ci 18 ya zama wanda ya fi kowa zura kwallo a lig, wallahi ni zan fara saye kuma na san ba ni kadai ba. Yace masu dinko masa basu da samfurin tsofaffin rigunan Pillars, in ya samu wanda ya ajiye ta da zai aika a kwaikwaya, don haka duk wanda yake da ita a akwati ya taimaka ya kai masa.

Zan koma, kuma ina ba dan Arsenal shawarar ya je, amma ya tafi da sanin cewa kwafi mai kyau zai saya, ya dauki wadda ta fi girmansa da mataki daya, ya kuma duba bugun sunan da hannu kafin ya fito. Na riga na bar odar mai O2 ta 2003/04 da sunan Lauren lamba 12, yace girmana ya kare sai sabbin kaya sun iso karshen wata.