GARGAƊI: Mai waldan Facebook ya ci mini sidi 1,950, gilashin kwaɗin yarona ya tarwatse

Jama'ar Kumasi, musamman 'yan Aboabo da Asawase, ku karanta wannan kafin ya kama wani. Wanda zai yi dariya ya yi, na riga na sha ta a gida. E, kwaɗi ne. Yarona ke kiwonsu a akwatin gilashi, su uku, kuma ni na ɗaure masa gindi, don gara ya zauna yana fesa wa kwaɗo ruwa da ya bi yaran lungu.

Sidi 1,950 na biya wani mai walda da na samu a Facebook, kan teburin ƙarfe da zan ɗora akwatin a kai. Na tura 1,200 na kafin alƙalami, na cika 600, sannan 150 kuɗin aboboya, wato babur mai ƙafa uku na dakon kaya. Ku haɗa da kanku.

Kada wani ya zo ya ce ban yi tunani ba. Shekara 17 ina sayar da yadi a kasuwar Kejetia, ba a taɓa shigo mini da jabun kuɗi na karɓa ba. Lissafi na yi kafin in nemi tebur. Akwatin tsawonsa santimita 90, faɗi 45, tsayi 60, gilashi mai kaurin milimita 6. Shi kaɗai ya kai kilo 30. Ga tsakuwa a ƙasa, ga jiƙaƙƙiyar ƙasa, ga duwatsu, ga ruwa lita 20, kowace lita kuwa kilo ɗaya ce. An tasam ma kilo 80, nauyin ƙaton namiji, kuma dare da rana yake zaune ba ya tashi. Duk na rubuta masa wannan. Na ce ƙarfe mai kauri nake so, da sandunan da za su riƙe ƙafafu daga ƙasa, saman kuma katakon odum mai ƙwari, saboda kullum ana fesa ruwa. Na faɗa masa! Yana nan a rubuce.

Sai ya turo bidiyo. Wannan bidiyon shi ya cuce ni. Wani mutum ya hau kan teburin ƙarfe yana tsalle, tebur ko gezau. Fuskar ba ta fito ba, daga gwiwa zuwa ƙasa kawai, da silifas shuɗi. Na kalle shi ya fi sau ashirin a daren, yanzu ma na sake kallo, ban san abin da nake nema a ciki ba. Me ya hana ni cewa ɗago wayar in ga fuskarka? Kalma nawa ce?

Af, kafin bidiyon ma mun yi waya. Muna cikin ciniki ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, an kira La'asar, bari in yi salla in kira ka." Kuma ya kira. Nan zuciyata ta kwanta, wallahi nan ne. Na ce wa maman yara mun samu mai tsoron Allah. Ya ce shagonsa na Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda, na ce zan leƙo, ya ce, "Haba Alhaji, da wannan cunkoson? Ka bar ni da Allah, har gida za a kawo maka." Da zan tura kuɗin ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, sunan mace ya fito, ya ce na matarsa ne. Na gani da idona, na danna. 1,200.

Kafin ranar da aka kawo, 600 ɗin na riga na tura tun ranar Talata, don ya ce mai aboboya ba zai ɗauka ba sai an cika. Kayan sun iso bayan Magariba, an ɗauke wuta, da fitilar waya na duba. Baƙin fenti yana sheƙi, sama kamar odum sak. Ashe kallon kitse na yi wa rogo. Kwana 9 ya yi. Wajen ƙarfe uku na dare muka ji ƙara kamar mota ta shigo ɗaki. Ruwa da ƙasa har ƙarƙashin kujera, gilashi ko'ina, yaro yana rarrafe ba takalmi yana laluben kwaɗinsa, ya yanke a tafin hannu. Biyu mun same su bayan firij, suna cikin bokiti yanzu. Ɗayan dutse ya danne shi.

Da gari ya waye na duba gawar teburin. Saman garin katako ne da aka matse aka manna masa leda mai zanen itace, ya sha ruwa ya kumbura kamar burodi a shayi, da yatsa nake marmasa shi. Ƙafafun bututu ne marar kauri, na lanƙwasa ɗaya a gwiwata. Waldar ɗigo biyu-biyu ce aka shafe da fenti. Wannan aka sayar mini 1,800.

Na kira, waya a kashe. Ya toshe ni a WhatsApp, shafin ya canza suna. Na yini a Magazine ina nuna hoto layi-layi, babu wanda ya san shi. Wani dattijon mai walda ya kalli bidiyon ya ce teburin ciki na ɗora injin ne, ba shi ne aka kawo mini ba. Ya ce, "Ɗana, da ka zo nan ai da ka hau da ƙafarka." Ban iya ba shi amsa ba.

Hotunan hirarmu, shaidar tura kuɗi da bidiyon duk na ajiye, zan sa su anjima in na rufe sunan matar, don ban san ko ita ma amfani da ita aka yi ba. Na kai ƙara wurin 'yan sanda.

Kada ku biya kafin ku gani. Ku je shagon, ku hau teburin, ku kankare fentin. In sunan MoMo ya bambanta, ku tsaya.

1,950, ban da kuɗin gilashi, wanda ban ma tambaya ba tukuna. Wanda ya san mai yankan gilashi na kirki kusa da Aboabo ya yi mini magana, kwaɗin ba za su daɗe a bokiti ba.