PACS ɗin sashenmu: sauri akwai, gyaran kuskure ne aiki

Idan tambayar ita ce a saya ko kada a saya, amsata a saya, amma da sharaɗi. Manhajar adana hotunan asibiti da rarraba su, wadda a wurin aiki kowa ke kira PACS, ta cika mana alkawari wajen sauri da ajiya. Inda take ba ni wahala shi ne ranar da aka yi kuskure, kuma sashen hoto ba ya rabuwa da kuskure. Ni ma'aikacin ɗaukar hoto ne, ni kuma aka ɗora wa kula da tsarin: buɗe wa ma'aikata asusu, haɗa sabuwar na'ura, warware bayanan da suka cakuɗe, amsa waya idan likita ya nemi hoto bai gani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Sunan kamfanin ban ambace shi ba, domin yawancin abin da zan faɗa ba su kaɗai ya shafa ba.

Ga wanda bai san harkar ba, ga yadda take tafiya. Majinyaci ya zo da takardar likita, a shigar da shi a manhajar rajistar sashe, wato RIS, ta ba binciken lamba. Na'ura ta ɗauki hoto ta tura wa sabar, wato babbar kwamfutar da ke adana hotunan, likitan hoto ya buɗe ya rubuta rahoto, wanda ya turo majinyacin ya gani daga inda yake zaune. Abin da ya sa na'urar wannan kamfani ke fahimtar sabar wancan shi ne ƙa'idar DICOM. Ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka da ta masu ƙera kayan lantarki ne suka fara fitar da ita a 1985 da sunan ACR-NEMA, aka sake mata fasali a 1993 ta koma DICOM. A ƙarƙashinta kowane hoto yana tafe da bayanansa a jikinsa: suna, lambar kati, ranar haihuwa, na'urar da ta ɗauka, har ƙarfin hasken radiyeshin da aka saka. Duk alherin tsarin daga nan ya fito, ciwon kansa ma daga nan.

Sauri dai ba ni da ta cewa. Hoton ƙirji ɗaya daga farantin dijital yakan kai megabait 10 zuwa 20. Yanki ɗaya na CT, mai ɗigo 512 tsaye 512 kwance, rabin megabait ne ko kusa da haka, amma bincike guda yana iya ɗaukar yankuna ɗaruruwa, wani ya haura dubu. Manhajar ba ta jira duka su sauka kafin ta nuna. Yankunan farko na bayyana, likita ya fara juya linzami, sauran na biyowa a baya. Tana kuma da wata ɗabi'a da nake so: da zarar an yi wa mutum rajista, sai ta jawo tsofaffin hotunansa daga ma'ajiya ta jera su kusa da sabon. Wanda ya taɓa shiga ɗakin ajiyar fim yana neman ambulan na bara, ƙura a hanci, likita na jira, ba sai an yi masa bayanin darajar wannan ba.

Abin da ya fi komai canja mana aiki, duk da haka, jerin aiki ne. Da can a gaban kowace na'ura ake buga sunan majinyaci da hannu. Mutum ɗaya sai ya zama uku: yau Muhammad, gobe Mohammed, jibi Muhd, lambar kati kuma an juya lambobi biyu. Kowanne sabar za ta buɗe masa fayil dabam, don ita ba ta san fuska ba, lamba ta sani. Yanzu na'ura ce ke tambayar RIS waɗanda ke layi, sunaye su fito a allo, ka taɓa naka, bayanai su shige hoton yadda aka rubuta su a rajista. A nan kamfanin ya yi aiki mai kyau. Jerin yana sabunta kansa da wuri, ana iya tace shi kowane ɗaki ya ga nasa kawai, kuma tsohuwar na'urarmu mai kaset, irin fasahar da Fuji ya fara kawowa kasuwa a 1983, ita ma ta karɓe shi ba gardama.

To, sai dai jerin aiki ya kashe wani kuskure ya haifi wani, kuma a nan ne na fi daɗewa da wannan manhaja.

Kuskuren iri biyu ne. Na farko mai sauƙi ne. Da tsakar dare a kawo wanda ya yi hatsari, ba ya magana, ba kati, dole a ɗauki hoto da sunan wucin gadi. Da safe 'yan'uwansa su zo, a gano ashe yana da tsohon kati. A haɗe katunan biyu a RIS, ta aika saƙon HL7, wato ƙa'idar da manhajojin asibiti ke musayar bayanai da ita, PACS ta karɓa ta mayar da hotunan ƙarƙashin sunan gaskiya. Wannan tana yin sa lafiya lau.

Na biyun ne bala'i. Layi ya yi tsawo, ma'aikaci ya taɓa sunan da ke saman wanda yake nufi, hoton gwiwar wani dattijo ya shige fayil ɗin wata yarinya. Ko a manta ba a rufe binciken farko ba, majinyaci na biyu ya hau gado, hotunansa biyu su bi na wancan. A irin wannan, abin da nake buƙata shi ne in zaɓi hotunan, in ce ga mai su, manhaja ta kai su, ta rubuta wa ya yi da yaushe. Ita kuwa ba ta da wannan a wuri ɗaya. Sai na fitar da hotunan, na gyara bayanan da wata ƙaramar manhaja, na goge na asali a sabar, na sake shigar da gyararrun. Duk wannan lokacin hoton da ba daidai ba yana nan buɗe ga kowane likita. Idan an riga an rubuta rahoto, rahoton ba ya bin hoton, yana nan maƙale da mutumin da ba shi ba sai an janye shi da hannu. Abin da ya fi ban haushi, idan na'urar da ta ɗauka tana riƙe da kwafi a layin turawa, da ta samu hanya sai ta sake aikowa, hoton da na goge da rana in tarar da shi ya dawo da yamma. Sabar ba ta tuna cewa an kore shi.

Ba wai babu magani a duniya ba. Shirin IHE, wanda RSNA, ƙungiyar likitocin hoto, da HIMSS, ta masu harkar kwamfutar asibiti, suka kafa a 1998 don daidaita yadda tsare-tsaren asibiti ke aiki tare, yana da babi musamman kan yadda za a janye hoto a kuma sanar da duk inda kwafinsa yake. Na tuntuɓi injiniyan kamfanin. Na ce, "Injiniya, ai a takardarku an rubuta kuna bin IHE." Ya ce, "Ƙwarai kuwa, Malam, amma wannan ɓangaren lasisinsa dabam ne." Mutumin kirki ne, ba shi ya tsara farashi ba. Amma a ganina gyara sunan majinyaci a kan hoto ba ƙarin ado ba ne da za a sayar a gefe. Hoto mai kyau a fayil ɗin da ba nasa ba ya fi hoto maras kyau haɗari, domin maras kyau ana ganinsa a sake, wannan kuwa yarda ake yi da shi.

Akwai wani gibin da masu saye ba sa lura da shi saboda ba ya hana aiki tafiya. A zamanin fim, idan ka cika haske fim zai fito baƙi ƙirin, kowa ya gani, kai ma ka ji kunya ka rage. Farantin dijital ba ya tona asiri haka. Kwamfuta tana daidaita hasken, hoton ya fito tas, har ya fi na wanda ya auna daidai kyau. Wanda ya rage haske ne kaɗai ake kira, saboda hotonsa ya yi yashi-yashi. Sannu a hankali kowa sai ya riƙa ƙarawa don gudun magana, majinyaci ne ke shan radiyeshin da ba ya buƙata. Don haka hukumar IEC, mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki na duniya, ta fitar da ma'auni na bai ɗaya a 2008, kuma sababbin na'urori suna rubuta lambar karkata, mai nuna yadda hasken da aka ba ya kauce wa wanda ya dace, a jikin kowane hoto: sifili daidai ke nan, +1 an ɗara da kusan kashi 26 cikin ɗari, +3 an ninka, −3 an ba da rabi. PACS ɗinmu tana adana wannan lamba, amma a binne. Sai ka buɗe bayanan hoto ɗaya bayan ɗaya kafin ka gan ta. Ba ta iya ba ni jadawalin wata in ga wane ɗaki ne ko wane irin hoto ne ke hawa. Hotunan da aka ƙi aka sake ma ba sa isowa gare ta, a na'ura suke tsayawa, sai na bi ɗaki-ɗaki na kwashe lissafinsu.

Manhajar kallo da ake buɗewa ta burauza a ɗakunan kwanciya da sashen gaggawa tana da sauƙi, nas ko sabon likita yana koyonta a zama ɗaya. Awo, juyawa, sauya saitin hasken hoto daga na ganin huhu zuwa na ganin ƙashi, duk suna kusa da hannu. Abin da ya kamata ta riƙa faɗa wa mai kallo, ba ta kuma faɗa, shi ne allon ofis ba allon karanta hoto ba ne. Na likitan hoto ana daidaita shi da ma'aunin launin toka da ke kashi na 14 na DICOM, na hoton mama kuma yawanci megafiksel 5 ne. Hoton asali yana iya ɗaukar matakan toka 4,096 ko fiye, JPEG na yau da kullum 256 kawai yake riƙewa. Da wannan nake fama da masu ɗaukar allo da waya su tura wa babban likita ta WhatsApp, ga hasken taga a kan gilashi, ga sunan majinyaci ɓaro-ɓaro a kusurwa. Laifin ba nasu kaɗai ba ne. Shiga daga wajen asibiti ta hanyar da kamfanin ya tanada yana da matakai da yawa, mai gaggawa kuwa gajeriyar hanya yake bi.

Haɗa sabuwar na'ura abu uku ne: sunanta a tsarin, wanda ba ya wuce haruffa 16, adireshin IP, da lambar ƙofa, galibi 104 ko 11112. Akwai maɓallin gwaji da ke aika sallama ya jira amsa. Idan haɗin ya ƙi, abin da kundin manhajar ke rubutawa bai wuce "an ƙi" ba. Ƙaramin harafi ne aka sa a maimakon babba? Ƙofa ce a rufe? Kai za ka lalubo.

Tsaro kuma rabi-rabi ne. Tana rubuta duk wanda ya buɗe hoto da lokacin da ya buɗe, madalla, amma tana barin asusu ɗaya ya shiga a kwamfutoci da yawa lokaci guda, wanda ke nufin kalmar sirri ɗaya ta wadaci sashe, kundin kuma ya zama na banza. Kwafin ajiya da aka kafa mana da farko a ɗaki ɗaya yake da sabar, a kan layin sadarwa ɗaya. Bayan abin da WannaCry, ƙwayar cutar kwamfuta mai kulle bayanai, ya yi wa asibitocin Birtaniya a watan Mayun 2017, bai kamata sai mai saye ya roƙa kafin a raba su ba. Mun raba, kuma lokaci-lokaci nakan jawo tsohon bincike daga kwafin in tabbatar yana buɗewa.

Kwantiraginmu na gab da sabuntawa, na kuma rubuta wa shugaban sashe abin da nake so a saka kafin a sa hannu: lasisin janye hoto ya shigo cikin kuɗin asali, a ba mu jadawalin lambar karkata, a hana asusu ɗaya shiga wuri biyu. Na ƙara da na huɗu, wanda na gano da na gwada tura wasu bincike zuwa wata sabar ta gwaji. Hotunan sun isa lafiya, amma awo da kibiyoyin da likitoci suka zana a kansu ba su bi su ba, saboda manhajar a rumbunta na kanta take ajiye su, ba a tsarin DICOM ba. Ina so a rubuta ƙarara cewa ranar da muka tashi barin kamfanin za su ba mu komai, har da waɗannan, a siffar da kowace sabar za ta karanta, a kuma faɗi kuɗin yin hakan tun yanzu.