Shafin intanet na kanka ko shafin Facebook?

Masu shaguna a kasuwar Wunti ta Bauchi da masu makarantun kuɗi sun ishe ni da tambayar nan, har a wurin ɗaurin aure ba sa barina.

Ta fuskar kuɗi, Facebook kyauta ne, data kawai za ka saya. Shafin kanka kuwa sai ka yi rajistar suna, irin mai ƙarewa da .com.ng, ka biya kuɗin ajiye shafin a intanet, kuma duk shekara ka sabunta. Ka manta, ya mutu.

Ni dai mai ziyara na fi dubawa. Uwa ce ta ɗauki waya bayan isha'i tana neman sanin kuɗin makaranta, ranar komawa da lambar da za ta kira. A Facebook sai ta yi ta wuce hotunan walimar bara kafin ta gani, in ma ta gani. A shafi mai tsari, dannawa biyu ta gama. Sai dai wasu masu tsara shafi a nan Bauchi kan lafta masa bidiyo da ƙaton hoton mai makaranta, kafin ya buɗe data ta ƙare. Gwajin da nake yi: in miƙa wayar ga wanda bai taɓa ganin shafin ba, in ce nemo min lambar, in ja bakina in yi kallo.

Haɗari kuwa, Facebook gidan haya ne. A rufe shafin ko a sace shi, mabiya sun tafi. Naka ma, idan wanda ya tsara maka ya yi rajista da sunansa, ka shiga uku.

Mai atamfa da kayansa ke sauyawa kullum, Facebook ya wadatar da shi. Makaranta ko asibiti, inda ake maimaita tambaya ɗaya shekara da shekaru, shafin kansu ya fi musu.